Na Sallama Da Albarka A Fuskar Waya

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Pitowa ranar Lahadi ya san ciniki yana da kalmomi biyu. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka" in bai yarda ba, ko ya ce "na sallama" in ya yarda. Dukkansu a baki ɗaya suke, babu wadda ta fi wata wuyar faɗa. To, jama'a, akwai wani ciniki da muke yi kullum a wayoyinmu, inda aka sa "na sallama" a gaba, aka ɓoye "albarka".

Alal misali, dattijo ya sayi sabuwar waya a Garwa, ya miƙa wa yaron shago ya zuba masa manhajoji. Rubutu ya fito da Faransanci ko Turanci, ga ƙaton maɓalli mai launi an rubuta "J'accepte". Yaro ya danna da sauri domin wasu na jira. Shi ke nan, Baba ya yarda a karanta lambobin mutanensa, a ga hotunansa, a san inda ya kwana, alhali shi Hausa da Fulatanci yake ji.

Ya kamata masu karatu su sani cewa manhaja kamar gida take. Akwai zaure, wato abin da muke gani muna dannawa, akwai kuma rumbu can ciki, wato manyan kwamfutocin kamfani, sau da yawa a wata ƙasa, inda bayananmu ke taruwa. Maginan manhaja su ke yanke girman kowace ƙofa. Idan ƙofar yarda ta yi faɗi, ta ƙi kuwa tana bayan shafi uku, da gangan aka gina ta haka. Tun a 2010 wani masani ɗan Ingila, Harry Brignull, ya fara tattara irin waɗannan dabaru yana tona su.

Hukumomi ma sun farga. A watan Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ba da sanarwar cin Google tarar Yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60, domin a shafukansu yarda dannawa ɗaya ce, ƙi kuwa sai an bi matakai. Nijeriya ta yi tata dokar a 2023. A nan Kamaru kuma an sa hannu kan doka mai lamba 2024/017 ranar 23 ga Disamba, 2024, wadda ta tanadi neman izinin mutum kafin a sarrafa bayanansa, ta kuma ba masu riƙe da bayanan wata 18 su gyara aikinsu.

Amma fa dokar da ke Yawunde ba za ta riƙe yatsan kowa a Pitowa ba. Inda abin ya fi ciwo shi ne manhajojin ba da bashi: an sha ganin wanda ya makara da biya, aka aika wa surukansa da abokan cinikinsa saƙon tozarci, da lambobin da shi ya ba da izinin ɗauka. A 2023 Google ta hana irin waɗannan manhajoji na rumbunta taɓa lambobi da hotuna.

Shawararmu ita ce, kada mu bar waya a shago mu tafi. Mu tsaya a fassara mana. Tun daga 2015 wayoyin Android suna tambayar izini ɗaya bayan ɗaya, ana kuma iya janye shi a wurin saiti. In manhajar tocila ta nemi lambobin mutanenmu, mu ce albarka. Matasanmu masu koyon wannan sana'a kuwa, in kun tashi gini, ku yi ƙofofin biyu daidai, ku kuma sa murya da harshen da iyayenku ke ji.

Allah ya rufa mana asiri, amin.