Ina Saƙon Da Ba Shi Da Alama Yake Bi?

'Yan'uwa manoma na Gwandu da Kalgo, tun da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001, aikin ƙungiya ya sake salo. Da waya ake tambayar farashin shinkafa a Birnin Kebbi, da ita kuma ake biyan kuɗin taki. Saboda haka duk ƙungiyar da ta sa na'urar raba intanet a ofishinta, ya kamata ta san yadda na'urar take rabon hanya.

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Ko murya ce, ko hoto, ko biyan kuɗi, akan rarraba shi ƙunshi-ƙunshi, kowanne yawanci bai wuce bayit 1,500 ba. Hanyar fita kuwa ba ta da faɗi. In ƙunshi ya yi yawa, sai na'ura ta jera su layi-layi, kamar buhunan shinkafa masu jiran mota a bakin sito. Kowane layi da nasa rabo.

Yaya take sanin layin kowanne? Takan duba inda ya fito, da inda za shi, da alamar da ke kansa. Bisa ga ƙa'idar da aka tsara a 1998, alamar lamba ce daga 0 zuwa 63. Murya akan ba ta 46, gama magana ba ta jure jira. Wanda ba a yi wa alama ba, lambarsa 0 ce.

To, wanda bai shiga kowane rukuni ba fa? Ɗayan biyu ne.

Na fari, in wanda ya kafa na'urar ya keɓe layin kowa da kowa, can za a tura shi. Zai sami rabon layin nan kaɗai. In layin ya cika, sai a zubar da waɗansu, wayar da ta aiko kuma ta sake aikowa. Shi ya sa shafi yakan yi ta jinkiri.

Na biyu ya fi ɓarna. A tsarin HTB, wanda na'urori da yawa masu aiki da Linux suke bi, in ba a keɓe wannan layi ba, ƙunshin yakan wuce ba awo, har ya riga waɗanda ke layi. Wato buhu marar alama ya shiga mota, masu alama suna ƙasa. Ta haka bidiyon mutum ɗaya zai iya tare hanya, alhali ma'aji yana ƙoƙarin biyan kuɗin iri.

Don haka ku tambayi mai kafa muku na'ura abu uku:

1. Ka keɓe layin kowa da kowa?
2. Nawa ne rabonsa? Kada ya matse shi ainun, domin sabuwar manhajar banki da bai sani ba can za ta faɗa.
3. Wayar ma'aji da ta magatakarda suna da nasu layi?

Ku tuna, wannan tsari a ofishinku kaɗai yake da iko. Da saƙo ya fita, kamfanin waya yana iya share alamar, ya bi nasa tsari.

Kuɗin data gumin 'yan ƙungiya ne, an kuwa ba mu amanarsa. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon ta.