Suna Ɗaya Ba Ya Nufin Mutum Ɗaya

Abin ya isa haka. Kusan kullum sai an turo saƙo a WhatsApp cewa "Mahamadu ya ce kaza" ko "Hama ya yi kaza", a fada-fadar Yamai a yi ta musu har dare, ba wanda ya tambaya: wane Mahamadun?

A Nijar wannan tambaya wajibi ce. Mahamane Ousmane na Damagaram ya hau mulki a 1993, Mamadou Tandja na Maine-Sorowa a 1999, Mahamadou Issoufou na Dandaji a jihar Tawa a 2011, Mohamed Bazoum a 2021. Duk sunan Manzon Allah (SAW) suke ɗauke da shi, kowa da lafazin yankinsu. Biyu daga ciki ma sun yi aiki tare: Issoufou ne firaministan Ousmane har ya ajiye aiki a 1994.

Babban kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne ɗaukar suna a matsayin shaidar jini. Za ka ji mutum da gemunsa yana rantsuwa cewa Hama Amadou ɗan Boubou Hama ne. Ina! Boubou Hama, malami marubucin tarihi, ɗan Foneko ne a wajen Tera, ya shugabanci majalisar dokoki har juyin mulkin 1974, ya rasu a 1982. Hama Amadou kuwa a Yuri aka haife shi a 1950, ya riƙe firaminista sau biyu, ya rasu a 2024. Kujerar shugabancin majalisa ce ta haɗa su, ita ma da tazarar shekaru kusan 40. A ƙasarmu suna na biyu galibi na uba ne, ba na zuri'a ba irin na Turawa. Takardun gwamnati kuma kan juya sunayen, a rubuta Tandja Mamadou.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka tura saƙo, nemi cikakken suna. Tambayi garinsu, muƙaminsa da shekarar da aka yi abin. Duba ko mutumin yana raye a lokacin ma. In hoto ne, ka tabbata fuskar tasa ce. In ka kasa tantancewa, bar shi a wayarka, domin jingina wa bawan Allah maganar da bai faɗa ba ƙazafi ne, kuma za a tambaye ka.