Abin da ke Rubuce a Jikin Kwalbar Insulin

Insulin da masu ciwon sukari ke yin allurarsa yana cikin dangin da masana ke kira peptide, wato sarƙar ƙananan sinadarai masu suna amino asid. Nasa guda 51 ne, jere cikin sarƙa biyu. Frederick Banting da Charles Best ne suka tace shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921.

Wurin awo ake yawan yin tuntuɓe. Miligiram 1 daidai yake da maikirogiram 1,000, amma shi insulin da yunit ake auna shi. U-100 a jikin kwalba na nufin yunit 100 cikin mililita 1, U-40 kuma yunit 40. Wanda ya zuƙi U-100 da sirinjin U-40 zai yi wa kansa allurar ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma.

 

Kafin a bar kemis, a duba lambar kwalba da ta sirinji, su zo ɗaya.