Kiɗan Tsohuwar Masar a Hannun Makaɗan Zamani

Ranar 16 ga Afrilu 1939, gidan rediyon BBC ya kai na'urorinsa gidan adana kayan tarihi na Alƙahira domin duniya ta ji muryar wasu ƙahonni biyu da aka ciro daga kabarin Sarki Tutankamun. Ɗaya na azurfa ne, ɗaya na tagulla, kuma sun yi shekara fiye da 3,000 a rufe kafin Howard Carter ya gano kabarin a 1922. Wani sojan Ingila mai busa, James Tappern, shi aka ba aikin. Ana gab da fara shirin sai wuta ta ɗauke, dole aka kunna kyandir. Ya busa, miliyoyin mutane suka kasa kunne, da yawansu suna ganin yau sun ji abin da fir'aunoni suka ji.

Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Tappern bai busa ƙahon yadda aka same shi ba, bakin ƙaho irin na sojojin zamani ya cusa masa, da shi ya fitar da muryoyin da mai busar asali ba zai samu cikin sauƙi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kakaki a ƙofar fada ya san ƙahon da ba shi da rami ko maɓalli murya ɗaya ko biyu yake bayarwa, mai kauri, mai girgiza ƙirji. Ƙahon Masar, wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da 'yan kai ba, na kiran mayaƙa ne da sanar da fitowar sarki. Marubucin Girka Plutarch ma ya ba da labarin wasu garuruwan Masar da suka ƙi busa ƙaho saboda yana kama da kukan jaki.

Nan matsalar take ga duk makaɗin da ke son raya wannan sauti. Kayan kiɗan suna nan. Bangon kaburbura cike yake da hotunan makaɗa, kuma a kabarin Nakht da ke yammacin Luksor akwai 'yan mata uku: ɗaya na busa tagwayen sarewa, ɗaya na riƙe da wani abu mai dogon wuya kamar molo, ta ukun tana kaɗa babban abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa wanda ya lanƙwashe kamar baka. An tono sarewar kara, da ganguna, da ƙaramin abin girgizawa na ƙarfe da ake kaɗa wa gunkiya Hathor. An samu har molon wani mawaƙi mai suna Harmose, mai tsirkiya uku, a ajiye kusa da gawarsa. Baitocin waƙoƙinsu ma sun tsira. Abu ɗaya ne Misirawan dā, duk da son rubutunsu, ba su bar mana ba: karin waƙar. Daga baki zuwa kunne ake koyonsa, da masu shi suka ƙare sai ya bi su. Ƙari a kan haka, rubutunsu baƙaƙe ne zalla babu wasula, saboda haka ko furucin kalmomin sai an yi kirdado.

Hans Hickmann, masanin kiɗa Bajamushe da ya daɗe zaune a Alƙahira, ya yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi. Ya lura cewa a hotuna da yawa akwai mutum zaune gaban makaɗa yana nuni da hannu, wani lokaci babban yatsa ya haɗu da manuni, wani lokaci tafin a buɗe. Ya ce alamun murya ne, har ya gwada fassara su. Masana ba su haɗu a kan fassararsa ba. Wasu suka bi ta ramukan sarewa, suna ƙera irinta suna auna tazarar muryoyinta. Wannan yana nuna muryoyin da makaɗi ke da su a hannu, amma sanin kayan miya daban, sanin yadda uwar gida ta haɗa su daban.

Mawaƙan Turai ba su jira masana ba. A ranar 24 ga Disamba 1871 aka fara nuna Aida, wasan kwaikwayo na waƙa da Giuseppe Verdi ya tsara bisa buƙatar mai mulkin Masar, Khedive Isma'il, a gidan wasan Alƙahira. Verdi bai je Masar ba. Ya sa an ƙera masa dogayen ƙahonni miƙaƙƙu guda shida don tashen nasara, kuma har gobe mutane da yawa in sun ji wannan busa sai su ce Masar ce, alhali kiɗan Italiya ne tsantsa. Daga baya masu fim na Hollywood suka ɗauko salon da Larabawa ke kira hijaz, suka riƙa liƙa shi duk inda dala ko hamada ta bayyana. A ganina wannan ne mafi raunin hanyoyin, domin ya tattara Larabawa da Turkawa da fir'aunoni a tukunya ɗaya, kamar duk gabas gari guda ne. Philip Glass na Amurka ya fi gaskiya a wasansa Akhnaten na 1984: ya ɗauko kalmomi daga tsohon harshen Masar, ya bar kiɗan a nasa salon na maimaici, bai yi da'awar tono komai ba.

Misirawa kuwa suna da ƙofar da baƙo ba shi da ita. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, har yau suna rera waƙoƙin ibada da harshen da ya gangaro daga na fir'aunoni, kuma rubutunsu yana da wasula. Mai rerawa kan ja wasali guda na tsawon lokaci, kuge na biye da shi a hankali. Ragheb Moftah, wanda ya rasu a 2001 yana da shekara fiye da 100, ya ƙarar da rayuwarsa wajen naɗe waɗannan waƙoƙi daga bakin tsofaffin malamai, da imanin cewa wasu karin sun girmi cocin kanta. A ƙauyukan kudancin Masar kuma ana busa sarewar arghul da ta nay, masu kama ƙwarai da na jikin bango.

Daga wannan rijiya mai tsara kiɗa Hesham Nazih ya ɗebo a ranar 3 ga Afrilu 2021, lokacin da aka ɗauke gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 daga dandalin Tahrir zuwa sabon gidan tarihi da ke Fusɗaɗ. Ya haɗa babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turai, ƙarƙashin jagorancin Nader Abbassi, da nay da rababa na gida. Sannan mawaƙiya Amira Selim ta miƙe ta rera yabon gunkiya Isis da tsohon harshen Masar, da kalmomin da aka kwafo daga bangon wani haikali a yankin Luksor. Karin na Nazih ne, sabo fil. Kalmomin kuwa sun yi kusan shekara 2,000 a jikin dutse, kuma a daren nan jama'ar Alƙahira suka ji su daga bakin 'yar ƙasarsu, motocin da ke ɗauke da Ramsis na Biyu da Hatshepsut suna wucewa a kan titi.