Gidan da Aka Gani da Rani

Da rani kowane gida lafiyayye ne. Ban san haka ba sai shekarar da aiki ya kai ni Dutsin-Ma, na shiga neman inda zan ajiye iyali. Watan Fabrairu ne, ƙasa ta bushe ƙamas. Dillali ya goya ni a babur, muka sauka daga kwalta, muka ratsa wasu tsofaffin gonaki da aka yayyanka filaye, har muka tsaya a ƙofar wani gida mai sabon fenti. Ciki da falo ne, da ɗan kicin, banɗaki a tsakar gida. Kuɗin da aka faɗa bai kama ƙafar na cikin gari ba. Na leƙa ɗaki, na bubbuga bango kamar wanda ya san gini, na ce ya yi. Sai da Agusta ta kama na gane cewa hanyar da muka biyo a babur ta ruwa ce, aronta muka yi kafin mai ita ya dawo.

Irin wannan unguwa yanzu ta zagaye kusan duk ƙaramin garin da ya samu babbar makaranta. Dutsin-Ma dama tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, sai a 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa sababbin jami'o'in tarayya tara, ɗaya ta faɗo garin. Malamai da ma'aikata da dubban ɗalibai suka zo, kowa na neman wurin sa haƙarƙari. Daga baya kuma mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana sakat suka taho da iyalansu. Cikin gari ya cika, sai gini ya fantsama bayan gari. Labarin Kashere a Jihar Gombe, wadda ita ma ta samu jami'a a shekarar, da na Wudil a Jihar Kano, ba su yi nisa da wannan ba.

Yawancin filayen nan awon igiya ne. Mai gona ya kira masu awo, a yanka, a sayar, takardar ciniki da sa hannun mai unguwa su ne shaida. Babu wanda ya zauna ya ce ga inda kwata za ta bi, ga faɗin layi, ga inda za a bari don makaranta. Kowa ya ja katangarsa iyakar abin da ya saya, wani ma ya ɗan ci hanya. Ruwan sama kuwa bai san an sayar da gonar ba. Inda ya saba bi tun zamanin kakanni nan zai bi, ko da falon wani ne.

To, mai neman haya da ba zai iya jiran damina ba, yaya zai yi? Gida ba ya iya ɓoye tarihinsa gaba ɗaya. Ka durƙusa ka dubi gindin bango daga waje. In ka ga wani layi a kwance, ƙasansa ya fi samansa duhu, iyakar inda ruwa ya taɓa kai ke nan. In filasta tana ɓarɓashewa tana fitar da farin gari kamar gishiri, danshi ne ke hawowa daga tushe, kuma shi ne zai ruɓar da bayan kujeru da kafet, ya sa tufafi warin rima. In an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ka tambayi kanka me ake rufewa. Ɗaga kai ka dubi silin: tabo mai zagaye launin shayi alamar yoyo ce. Sannan ka tsaya a bakin ƙofa ka gwada tsayin daɓen gidan da na layi. Gidan da ake gangarawa a shiga, ruwa ma gangarawa zai yi. In kuma ka ga tsofaffin buhunan yashi jibge a ƙofar maƙwabta, ba ado suka yi ba.

Duk wannan bai kai tambaya ba. Dillali la'adarsa yake nema, ba za a ga laifinsa ba. Wanda zai faɗa maka gaskiya shi ne wanda ba shi da ko sisi a cinikin: mai shayin bakin layi, ɗan acaɓan da ke shiga unguwar kullum, ɗan garuwa. Ka koma kai kaɗai da yamma, ka zauna a benci, ka sayi shayi, ka bar hira ta kawo kanta. Tambaya ɗaya da ta fi kowace amfani ita ce, wanda ya tashi daga gidan nan, me ya tashe shi?

Ban da ta damina, jarrabawa ta biyu da gida ke fuskanta a watan Afrilu take zuwa, lokacin da ruwan da ya dame ka a Agusta ya zama abin nema. Madatsar ruwa ta Zobe tana nan kusa da garin tun farkon shekarun 1980, amma bututun famfo ba ya bin gini da saurin da magina ke yi, a nan da ko'ina. A sabuwar unguwa rijiya ce, ko burtsatsen wani mai hali, ko kurar 'yan garuwa. Rijiyar da aka nuna maka cike a Nuwamba tana iya komawa laka kafin bazara ta yi nisa. Ka yi lissafi da kanka: a ce gidanka na shan jarka shida a rana, da wanka da wanki da girki. A shekara jarka 2,190 ke nan. Ka ninka da kuɗin jarka ɗaya a unguwar, ka tuna kuma kuɗin na tashi da bazara, kuma mai tura kura yakan ƙara wani abu in yashi ya yi yawa ko gida ya yi nisa. Mutane da yawa in suka yi wannan lissafin sai su tarar kuɗin ruwa ya cinye rangwamen da suka samu a haya, har ya nemi ƙari.

In gidan na da rijiya, ka auna tazararta da masai da taku. Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar a bar kamar mita 30 tsakani, amma filin da bai wuce ƙafa hamsin ba ina zai samu wannan? Har da masan maƙwabci na bayan katanga, wanda ba ka gani. Ruwan irin wannan rijiya a bar shi ga wanki da shara, na sha kuwa a tafasa ko a nemo wani.

Kuɗin hawa ma haka yake cin rangwamen haya. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin mai, nisa ya zama kaya. Kai za ka fita aiki ka dawo, yara za su makaranta, uwargida za ta asibiti ko unguwa. Da damina kuma ɗan acaɓa ya ce iyakarsa bakin kwalta, ka naɗe wando ka ƙarasa a ƙafa.

Batun wuta gajere ne. KEDCO ke raba ta a Katsina da Kano da Jigawa, kuma kafin ka shiga gida ka nemi ganin takardar bil ta ƙarshe. Bashin da tsohon ɗan haya ya bari a kan gida yake zama a aikace, ranar yanka ba a tambayar wanda ya sha. In mitar kati ce ta haɗaka da wasu ɗakuna, ku yi magana tun farko kan yadda ake karo-karo, don rigimar gidan yawa rabinta daga dutsen guga da abin dafa ruwa take tashi.

Akwai abin da da can ba ya cikin lissafin mai neman haya, yanzu kuwa shi ne kan gaba. A watan Oktoba na 2023 'yan bindiga suka shiga wani gidan haya a Dutsin-Ma cikin dare suka tafi da ɗalibai mata biyar na jami'ar. Gidan ƙarshe a layi, wanda bayansa sai gona da daji, arahar da ke kansa tana da dalili. Ka tambaya ko unguwar na da 'yan sintiri, nawa kowane gida ke bayarwa a wata, kuma gidajen da ke kewaye akwai mutane a ciki ko kangaye ne. Magabata sun ce a nemi maƙwabci kafin gida. A bayan gari maƙwabcin shi ne katangarka ta gaskiya.

Mu koma wajen ciniki, inda kunya ke cin mutane. A ƙaramin gari kowa ya san kowa, mai gidan wataƙila sahunku ɗaya a masallaci. Ka ce a rubuta, sai a ce, "Haba Malam, ai mu nan ba mu haka, an zama ɗaya." Ni ma haka aka ce mini. Mai gidan dattijo ne mai fara'a, na ji nauyinsa, na ƙirga kuɗin shekara na miƙa, muka yi musabaha. Da ruwa ya kwantar da katangar banɗaki na je na same shi, na ce, "Baba, katanga ta faɗi." Ya ce, "Subhanallahi! To ka ɗan gyara mana, ma daidaita." Na sayi bulo da siminti, na biya magini. Ranar sabunta haya na kawo maganar, ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce shi a fahimtarsa taimako na yi. Har yau ban ce ƙarya ya yi ba. Kalmar "ma daidaita" ce kowa ya tafi da tasa fassarar.

Abin mamaki shi ne mu da muke jin kunyar takarda, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Malaman mazhabar Malikiyya kuma sun sharɗanta a san kuɗin haya a san muddarta, kuma Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta nuna cewa mutuwar mazaunin gida ba ta warware haya. Saboda haka takarda ba baƙon abu ba ce, ba kuma zargi ba ce. Ba sai an je wurin lauya ba in ƙaramin gida ne. Falle ɗaya ya isa: sunan mai gida da na ɗan haya, nawa aka biya, daga yaushe zuwa yaushe, wa ke kwashe masai in ya cika, wa ke gyaran rufi, gyaran da ɗan haya ya yi za a cire a haya ko a'a, wata nawa za a ba da sanarwa kafin ƙari ko tashi. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali har da mai unguwa, kowa ya riƙe kwafi. Ka ɗauki hoton ɗakunan da waya ranar da ka karɓi makulli. In ta banki ka tura kuɗin, ka tura wa mai gidan da kansa, ka kuma karɓi rasit.

Na ce mai gidan da kansa don dalili. Gidan gado ya fi kowanne haɗari. Ɗaya daga cikin magada ya karɓi kuɗin shekara, bayan wata uku sauran su kai ƙara a raba, kai kuma ga ka a tsakiya da kayan ɗakin matarka. Ka matsa sai ka ga mai gida ido da ido, ko wakilin da kowa ya sani. La'adar dillali kuwa, wadda a wurare da yawa kashi goma cikin ɗari ce, a yanke ta kafin a hau babur, a kuma san wa zai biya.

Doka ma ba ta bar ɗan haya a banza ba. A dokokin yawancin jihohin Nijeriya, in ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, mai biyan wata-wata sanarwar wata ɗaya ake ba shi, mai biyan wata uku-uku ta wata uku, mai zaman shekara-shekara ta wata shida. Bayan ta ƙare a ƙara masa ta kwana bakwai, sannan a nufi kotu. Amma in takarda ta yanke wa'adi, a ce shekara ɗaya tak, ya kuma cika, to kwana bakwan nan kaɗai suka rage. Cire ƙofa, ko yaye kwano, ko watso kaya waje, babu mai gidan da doka ta ba wannan iko, aikin kotu ne fitar da mutum. Sai dai a ƙaramin gari kafin a kai ga alƙali, galibi a zauren mai unguwa ake kashe magana, kuma a can ma wanda ya zo da takarda ya fi wanda ya zo da rantsuwa.

Kada a ɗauka masu gidaje ne kullum da laifi. Da yawansu 'yan fansho ne da suka zuba giratuti a ɗakuna huɗu, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, hayar nan ce tuwonsu. Sun ga ɗan hayan da ya shekara biyu yana cewa albashi bai shigo ba, sun ga wanda ya tashi cikin dare ya kwance har da kan famfo. Shi ya sa suke tambayar aikinka da garinku da yawan iyalinka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda gwauro da bazawara ke shan wuya kafin a ba su ɗaki, ko da malamar asibiti ce da aka turo aiki. Shaidar mutumin kirki ɗaya da zai tsaya mata ta isa.

Da damina ta sake zagayowa, na fita neman wani gida ranar da aka kwana ana ruwa. Dillalin ya ce mu bari ƙasa ta sha iska, na ce yau nake so. Muka bar babur a bakin titi muka taka. Gida na farko ba mu iya isa ƙofarsa ba. Na biyu, wata tsohuwa muka tarar a maƙwabta tana kwalfe tsakar gida da tasa, ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, in haya kake nema, hau tudu." Na ukun yana kan tudun, fentinsa ya koɗe, ƙofar zauren tana ƙara, kuɗinsa kuma ya ɗara na wanda zan bari. Na durƙusa na shafa gindin bango, hannuna ya fito a bushe. Na zaro takarda da biro daga aljihu, na ce a kira mini mai gidan.