GASAR TALLAFIN MASANA'ANTU TSAKANIN MANYAN ƘASASHE DA ABIN DA TAKE NUFI GA 'YAN KASUWA

Duk wanda ya ga zamanin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a shekarar 1986, zai tuna da karatun da masu ba da bashi na duniya suka riƙa biya wa ƙasashe masu tasowa, wato gwamnati ta janye hannunta daga kasuwa, ta soke tallafi, ta kuma rage kuɗin fito. To, a 'yan shekarun nan, ƙasashen da suka koyar da wannan karatu su ne kan gaba wajen zuba maƙudan kuɗin gwamnati a masana'antu, musamman masu ƙera motoci masu aiki da lantarki, da batura, da farantan hasken rana, da kuma 'yan ƙananan ƙwaƙwalen da ke sarrafa kwamfuta da wayar hannu.

Ƙasar Sin ce ta fara nisa a wannan hanya. A shekarar 2015 ta fito da wani shiri na shekara goma wanda ya ware fannoni goma na masana'antu domin ba su kulawa ta musamman, ciki har da motocin lantarki da na'urorin sadarwa. Kamfanonin da ke waɗannan fannoni sun samu rance mai sauƙin ruwa daga bankunan gwamnati, da filaye masu arha, da rangwamen haraji. Sakamakon haka bai ɓuya ba, domin kuwa a shekarar 2022 Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kowane muhimmin mataki na ƙera farantan hasken rana a ƙasar Sin ake yin sa.

Amurka ta mayar da martani da dokoki biyu waɗanda Shugaba Joe Biden ya sanya wa hannu a watan Agusta na 2022. Ta farko ta ware kimanin dala miliyan dubu 52 domin ƙera ƙwaƙwalen na'urori da bincike a kansu a cikin Amurka, kuma daga cikin kuɗin ne aka amince a ba kamfanin TSMC na Taiwan dala miliyan dubu 6.6 saboda masana'antunsa na jihar Arizona. Ta biyu kuwa, wadda aka raɗa wa suna Dokar Rage Hauhawar Farashi, an ƙiyasta a lokacin cewa za ta ci wajen dala miliyan dubu 369 a fannin makamashi da yanayi. A ƙarƙashinta, a wancan lokaci mai sayen sabuwar motar lantarki yana iya samun rangwamen haraji har na dala 7,500, amma da sharaɗin an harhaɗa motar a Arewacin Amurka, kuma wani kaso na ma'adinan batirinta ya fito daga Amurka ko ƙasashen da ke da yarjejeniyar ciniki da ita.

Wannan sharaɗi shi ne ya tayar da ƙura. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, wadda aka kafa a 1995, tana da yarjejeniya a kan tallafi wadda ta haramta iri biyu kai tsaye: tallafin da aka ɗaura a kan fitar da kaya waje, da kuma wanda aka ɗaura a kan amfani da kayan gida maimakon na ƙetare. Da wannan ƙa'ida ce Japan da Tarayyar Turai suka kai ƙarar Kanada game da shirin lantarki na lardin Ontariyo, kuma a 2013 aka yanke cewa sharaɗin amfani da kayan gida ya saɓa wa dokokin ƙungiyar. Haka nan a 2016 Amurka ta yi galaba a kan Indiya saboda irin wannan sharaɗi a shirinta na hasken rana. Shekara shida kacal bayan wannan hukunci sai ga Amurka ta rubuta makamancinsa a dokarta, har ƙasar Sin ta kai ƙararta a watan Maris na 2024. Masu magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne rashin alƙalin ƙarshe. Tun watan Disamba na 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta daina zama, saboda Amurka ta ƙi yarda a naɗa sababbin alƙalai. Don haka duk ƙasar da aka kayar a matakin farko tana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ba ta zama, hukunci ya tsaya cik. Wannan matsala ce Dokta Ngozi Okonjo-Iweala ta gada sa'ad da ta kama aikin shugabancin ƙungiyar a watan Maris na 2021. Da yake babu mai raba gardama, kowace ƙasa ta koma ga kuɗin fito. A 2024 Amurka ta ɗaga harajin shigo da motocin lantarki na Sin zuwa kashi 100 cikin 100, ita kuma Tarayyar Turai, bayan binciken da ta yi a kan tallafin da kamfanonin Sin ke samu, ta ƙara masu haraji a watan Oktoba na wannan shekarar, daga kashi 17 a kan motocin BYD zuwa kashi 35.3 a kan na SAIC, ban da kashi 10 da ake biya tun da can. A nata ɓangaren, ƙasar Sin ta fara taƙaita fitar da wasu ma'adinai da ake buƙata wajen ƙera ƙwaƙwalen na'urori tun daga watan Agusta na 2023.

Sai dai tallafi abu ne da ke bin iskar siyasa. A ranar 4 ga watan Yuli na 2025 Shugaba Donald Trump ya sanya hannu a kan wata sabuwar doka wadda ta kawo ƙarshen rangwamen nan na dala 7,500 daga ƙarshen watan Satumba na shekarar, ta kuma gajarta wa'adin rangwamen da ake ba ayyukan lantarki na iska da hasken rana. Kamfanonin da suka tsara jarinsu bisa alkawarin shekara goma sun wayi gari alkawarin bai wuce shekara uku ba. Amma wannan bai nuna gwamnatin Amurka ta fita daga harkar masana'antu ba, domin a watan Agusta na 2025 ta mallaki wajen kashi 10 cikin 100 na hannun jarin kamfanin Intel.

Tarayyar Turai kuma ta ɓullo da wata dabara wadda ta fi shafar ƙasashen Afirka kai tsaye. Masana'antun Turai suna biyan kuɗi a kan kowane tan na hayaƙin da suke fitarwa, saboda haka aka tsara cewa kayan da aka shigo da su daga waje su ma za su biya daidai da hayaƙin da aka fitar wajen yin su. Tsarin ya shafi siminti, da ƙarfe, da alminiyam, da takin zamani, da lantarki, da iskar haidurojin. Daga watan Oktoba na 2023 zuwa ƙarshen 2025 rahoto kawai ake nema daga masu shigo da kaya, amma daga ranar 1 ga Janairu na 2026 aka shiga matakin da ake lissafa kuɗi. An ɗauke wa masu shigo da ƙasa da tan 50 a shekara wannan nauyi. Ga Najeriya, wadda ke da manyan masana'antun takin yuriya a Lekki da Eleme, ma'anar wannan ita ce duk mai neman kasuwar Turai dole ne ya iya gabatar da sahihin lissafin hayaƙin masana'antarsa, in ba haka ba a yi masa ƙiyasi, wanda galibi ya fi tsada.

Ƙasashe masu arzikin ma'adinai, waɗanda ba su da kuɗin yin gasar tallafi, sun koma ga makamin da ke hannunsu. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen nikel daga watan Janairu na 2020, ta ce duk mai so ya zo ya gina masana'antar narkarwa a ƙasarta. Tarayyar Turai ta kai ƙara ta kuma yi nasara a 2022, amma Indunusiya ta ɗaukaka ƙara zuwa waccan kotu da ba ta zama, ta ci gaba da abinta, kamfanonin Sin kuwa suka zuba jari mai yawa. Zimbabuwe ta bi sahu a watan Disamba na 2022 da hana fitar da ɗanyen litiyam. A nan gida ma an buɗe masana'antar sarrafa litiyam a jihar Nasarawa a 2024. Abin lura shi ne, Indunusiya ta ci riba ne saboda fiye da rabin nikel ɗin da ake haƙowa a duniya daga ƙasarta yake fitowa, masu saye ba su da wata mafita. Ƙasar da kasonta bai taka kara ya karya ba, idan ta rufe ƙofa ba tare da tanadin lantarki da hanyoyi ba, masu saye za su koma wani wuri, masu fasa-ƙwauri kuma su samu abin yi.

Akwai kuma wani alheri da wannan gasa ta jawo wa masu saye. Yawan kayan da masana'antun Sin ke ƙerawa, ga kuma kasuwar Amurka da aka toshe masu, ya sa farashin farantan hasken rana ya faɗi ƙwarai. Wani bincike da aka wallafa a 2025 ya nuna Najeriya ce ta biyu a Afirka, bayan Afirka ta Kudu, wajen shigo da waɗannan faranta daga Sin. Ga mai shago ko mai ƙaramar masana'anta, wanda kuɗin man janareta ya yi wa katutu tun bayan janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan rangwame ne da baitulmalin wata ƙasa ya biya masa. Saboda haka maganar hana shigo da farantan, wadda aka ji daga bakin ministan kimiyya na wancan lokaci a farkon 2025, tana buƙatar nazari mai zurfi. Kare masana'antar gida na da amfani idan har za ta iya biyan buƙatar kasuwa a farashin da talaka zai iya, amma idan aka hana shigowa kafin a kai wannan matsayi, masu sana'ar da suka dogara da lantarki ne za su biya kuɗin.

Ya kamata 'yan kasuwarmu su sani cewa farashin batir, da faranti, da wayar hannu, da kwamfuta, yanzu ya dogara ne a kan hukuncin majalisun Washintan da Beijin da Burasels kamar yadda ya dogara a kan canjin dala. Mai shigo da kaya ya yi hattara da tara haja mai yawa a kan farashin da doka ɗaya za ta iya sauyawa cikin wata guda. Mai fitar da kaya zuwa Turai kuma ya fara adana bayanan makamashin da yake ƙonawa tun yanzu, kafin abokin cinikinsa ya nemi takardar, domin tun ran gini tun ran zane.