Taurari Uku, Ƙwallo Ɗaya

Duk lokacin da wata ƙungiya a gasar NBA ta Amurka ta haɗa zaratan 'yan wasa uku a riga ɗaya, sai masu bin ƙwallon kwando su rabu gida biyu. Wasu su ce zance ya ƙare, kofi ya samu mai shi, a tara gwanaye kawai su da kansu za su san yadda za su yi. Wasu kuma su jefo tambayar da ta fi kowace daɗewa a wannan wasa: ƙwallon fa guda ɗaya ne, wa zai riƙe shi? Ni da na biyun nake, duk da cewa na farkon ma ba su rasa hujja ba.

Lissafin ba shi da wuya. Mutum biyar kowace ƙungiya take da su a fili, wasa minti 48 ne, kuma duk ƙungiyar da ƙwallo ya zo hannunta daƙiƙa 24 take da su ta yi jifa. A wasa guda ƙungiya kan yi jifa kusan 90. Babban tauraro ya saba da jifa 20 ko fiye, ya saba a miƙa masa ƙwallo idan wasa ya yi zafi. In aka haɗa irinsa uku, dole wani ya rage cinsa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, me kowannensu yake tsinanawa a lokacin da ƙwallon ba ya hannunsa?

Shekarar 2004 ta ba da amsa sau biyu cikin wata uku. Los Angeles Lakers ta ƙara Karl Malone da Gary Payton a kan Shaquille O'Neal da Kobe Bryant, har mutane suka fara yi mata murna tun ba a fara kaka ba. Payton ya yi shekara da shekaru a Seattle ƙwallo na hannunsa, shi ke juya wasa yadda ya so, sai ya tarar da tsarin koci Phil Jackson wanda ake miƙa ƙwallo a wuce a ba wani wuri. Bai taɓa sakewa a cikinsa ba. Malone kuma gwiwa ta matsa masa, wannan gaskiya ne, kuma ya rage musu ƙarfi. A wasannin ƙarshe Detroit Pistons ta doke su huɗu da ɗaya, a wasa na uku ma maki 68 kacal ta bari suka ci. Ginshiƙin tsaron Detroit, Ben Wallace, mutum ne da babu ƙungiyar da ta ɗauke shi a zaɓen sabbin 'yan wasa.

A watan Agusta kocin Detroit ɗin nan, Larry Brown, ya kai tawagar Amurka gasar Olamfik a Atina, da Allen Iverson da Tim Duncan da matasa irin su LeBron James da Dwyane Wade. Kowa gwanin kutsawa ne, masu jifa daga nesa kuwa sun yi ƙaranci. Abokan karawa suka cunkushe ƙarƙashin kwando suka bar musu waje. Puerto Rico ta lallasa su 92 da 73, Ajantina ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe, suka koma gida da tagulla. Taron tsintsiya ba shara.

Masu cewa gwaninta ce komai za su nuna Golden State Warriors. Ƙungiyar da ta ci wasa 73 cikin 82 ta ƙara Kevin Durant a 2016, a wasannin neman kofi na 2017 ta ci 16 ta faɗi sau ɗaya tak. Sai dai a duba su waye Durant ya tarar. Stephen Curry da Klay Thompson ba sa buƙatar riƙe ƙwallo kafin su firgita abokin gaba. Curry yakan miƙa ƙwallo ya ruga, ya zagaya bayan abokin wasansa, masu tsaro biyu su bi shi a guje don tsoron jifarsa mai maki uku, sai hanya ta buɗe wa wani fayau. Draymond Green kuma ya ɗauki tsaro da rabon ƙwallo, bai damu da yawan makinsa ba. Gurbin Durant a shirye yake tun kafin ya iso.

Inda darasin ya fi zurfi a ganina shi ne Miami Heat, domin a can an ga rashin dacewar, an kuma ga yadda aka gyara. A 2010 LeBron James da Chris Bosh suka haɗu da Dwyane Wade. James da Wade sana'arsu ɗaya: su karɓi ƙwallo su kutsa zuwa kwando. Suka shiga yi wa juna kara, wannan ya yi nasa ɗayan na tsaye yana kallo, sannan a juya. Sun ci wasa 9 sun faɗi 8 a farkon kaka, a wasannin ƙarshe na 2011 kuma Dallas ta Dirk Nowitzki ta doke su huɗu da biyu. Bayan nan Wade, wanda ƙungiyar tasa ce tun 2003 kuma ya ci mata kofi a 2006, ya ja da baya ya bar wa James ragama. Koci Erik Spoelstra ya kewaye James da masu jifa daga nesa irin su Shane Battier, daga baya aka ƙaro Ray Allen.

Wanda ya fi kowa biyan kuɗin wannan gyara shi ne Bosh. A kakarsa ta ƙarshe a Toronto maki 24 yake ci a wasa, kuma komai ta kansa yake bi. A Miami aka ce ya matsa nesa da kwando don ya janye dogon da ke tsaron sa, ya kuma yi ta gwagwarmaya da ƙattin da suka fi shi nauyi. Makinsa ya sauka ƙasa da 19, 'yan kallo suka yi ta yi masa ba'a wai shi ne cikon benci a cikin ukun. To, a wasa na shida na wasannin ƙarshe na 2013, abokiyar karawarsu San Antonio na gaba da maki uku, lokaci ya kusa cika, James ya yi jifa bai shiga ba. Bosh ya yi tsalle a tsakiyar mutane ya cafke ƙwallon, ya waiga ya hango Allen yana ja da baya zuwa kusurwar dama, ya miƙa masa. Allen ya jefa, ya shiga, saura daƙiƙa 5.2. A ƙarin lokaci Bosh ɗin ne ya tare jifar ƙarshe ta Danny Green na San Antonio. A wasa na bakwai bai ci maki ko ɗaya ba, Miami kuma ta ɗauki kofi karo na biyu a jere. Duk mai auna ɗan wasa da makinsa kaɗai zai ce Bosh bai yi komai ba a daren nan, kuma ya yi kuskure babba.

Phoenix Suns ba ta ɗauki wannan darasi ba. A 2023 ta haɗa Durant da Devin Booker da Bradley Beal, dukkansu maciya maki masu son jifa daga wurare kusan iri ɗaya, ba tare da ƙwararren mai raba ƙwallo ba. Albashin ukun ya cinye mafi yawan abin da dokar gasar ta yarda a kashe, sabuwar yarjejeniyar 2023 kuma ta ɗaure hannun ƙungiyoyin da suka wuce gona da iri wajen kashe kuɗi, don haka babu halin sayo masu cike giɓi. Minnesota ta share su huɗu da nema a zagayen farko na 2024, a 2025 ko gurbin neman kofi ba su samu ba.

Babu mai musun cewa da wuya a ɗauki kofin NBA ba tare da babban gwani ba, kuma irin Detroit ta 2004 ba kullum ake ganinta ba. Gwani na farko wajibi ne. Na biyu da na uku kuwa, kafin a sa hannu a kwantiraginsu, a tambaya ko sun iya jifa daga nesa, ko za su yi tsaro da gaske, ko za su yarda makinsu ya ragu ba tare da sun ɓata rai ba. Wanda ya kasa waɗannan, komai girman sunansa, gara a raba albashinsa a sayo 'yan wasa biyu masu yin aikin.